Kiwon ƙananan kifaye masu tafiya garke cikin akwatin gilashi



Wanda ya taɓa shiga Yamai ko Maraɗi wataƙila ya tarda wani akwatin gilashi cike da ruwa a bakin otel ko cikin kantin magani, da ƴan kifaye masu launi suna kai da kawowa a ciki. Wasu ba su kai tsawon ɗan yatsa ba. Mutumin karkara in ya gani sai ya ce: mi ne ne amfanin kifin da ba ya isa miya? Gaskiya ne, ba don tukunya ake kiwonsu ba. Don kallo ne, kamar yadda wani yake aje tantabaru ko kanari a gida. Amma kiwo ne sosai, da ƙa'idodinsa, kuma wanda bai san ƙa'idodin ba kuɗinsa yake zubawa a ruwa. Mutum ya sayi kifi goma ranar kasuwa, kafin kasuwa ta zagayo saura biyu, ya ce mai kanti ya cuce shi. Sau da yawa ba mai kanti ba ne. Ruwan ne ya kashe su. Shi ya sa mafi yawan bayaninmu na yau bisa ruwa zai tsaya.

Daga ina suke fitowa?

Wanda aka fi sani cikinsu sunansa tetara mai walƙiya, masu kanti suna ce masa neyon. Tsawonsa santimita 3 zuwa 4. Yana da zane shuɗi mai ƙyalli daga ido zuwa kusa da wutsiya, da ja a rabin jikinsa na baya. Asalinsa ƙananan rafukan dajin Amazon ne, can Amurka ta Kudu, wajen iyakar Peru da Kolombiya da Barazil. Masana sun rubuta shi cikin littattafansu a 1936. Yau mafi yawan waɗanda ake sayarwa ba daga daji ake kamo su ba, a gonakin kifi na ƙasashen Asiya ake ƙyanƙyashe su.

Yana da ɗan uwa, tetara kardinal, wanda jan nasa ya kama tun daga kai har wutsiya. An rubuta shi a 1956. Shi kam har yanzu ana kamo shi daga kogin Riyo Negro na Barazil. A wani gari mai suna Barselos akwai masunta da sana'arsu ke nan: su shiga kwalekwale, su bi rafukan cikin daji da ƴar koma, su kamo kifin da ransa, a ɗauke shi zuwa birnin Manawus, daga nan jirgin sama ya kai shi Turai da Amurka da Japan. Har bikin kifin ado suke yi kowace shekara a garin. Ku duba fa, kifin da ba a ci, ga shi yana ciyar da iyali.

Daga Asiya akwai daniyo mai zane, wanda aka yi wa laƙabi da jakin dawa saboda layukan da ke kwance bisa jikinsa. Mutumin Indiya da Bangaladash ne, yana zaune cikin gonakin shinkafa da magudanan ruwa. Wani likita ɗan ƙasar Sikotilan, Faransis Hamilton, ya rubuta shi tun 1822. Ba shi da kyan neyon, amma ya fi shi jimiri nesa ba kusa ba. Akwai kuma rasbora mai baƙin tambari, na Maleshiya da Tailan da tsibirin Sumatara, launinsa kamar jan ƙarfe, da baƙin tabo mai kusurwa uku a gefensa.

Kada a ɗauka duk baƙi ne. Tetara dangin ƙawara ne da tsage na kogunanmu. Masunci ya duba bayan ƙawara, tsakanin ƙayar baya da wutsiya, zai ga wani ɗan tsiron nama maras ƙaya. Neyon ma yana da shi. Sai dai ƙawara tana girma fiye da abin da akwatin ɗaki zai ɗauka, ga ta da tsalle. Wanda ya dace da akwati cikin na gida shi ne wani ɗan kifi da Turawa suke kira mai idon fitila. Bai wuce santimita 4 ba, jikinsa fari-fari ne, saman idonsa yana ƙyalli shuɗi. Ana samun shi cikin ruwayen Afirka ta Yamma, har da na kogin Isa da na yankin tabkin Cadi. Yana yawo garke kusa da fuskar ruwa yana tsintar ƙananan ƙwari da tsutsar sauro. Turawa suna sayen shi da kuɗi, mu kuwa yaranmu suna wuce shi a bakin ruwa.

Mi ya sa sai garke?

Wanda ya yi kiwon zabi ya san amsa. Ka ware zabuwa guda ka rufe ta, sai kuka da zirga-zirga, ba ta ci ba ta sha. Haka waɗannan kifaye suke. A rafi kowa abincinsa ne su: babban kifi, tsuntsu, maciji. Makaminsu guda, yawa. Idanu ɗari sun fi biyu ganin abokin gaba, kuma in garke ya watse lokaci guda mai farauta ba ya sanin wanda zai bi. Kun ga yadda janbaki yake juyawa a sama kamar hayaƙi in shaho ya kawo hari. Kifi yana da abin da ke taimakonsa ga wannan: wani layi ne bisa gefen jikinsa da yake jin motsin ruwa da shi, ko cikin duhu ya san inda na kusa da shi ya karkata.

To in an sa neyon biyu kaɗai cikin akwati, tsoro ba ya barin su. Sai su laɓe bayan dutse, launinsu ya kwashe, su rage ci, cuta ta same su da sauƙi. Mafi ƙaranci shi ne shida iri guda. Goma ya fi. Ga kuskuren da kusan kowa yake yi da farko: ya shiga kanti, ido ya ruɗe, ya ce a ba shi biyu na wanga, biyu na wancan, har iri biyar. Ya sayi kifi goma, amma bai sayi garke ko guda ba. Gara goma iri guda. Ga kallo ma ya fi daɗi.

Su wa ake haɗawa?

Ƙa'idar ba ta da wuya: duk kifin da zai shiga bakin wani, abincinsa ne, ko yau ko gobe. Don haka ɗiyan tarwaɗa ba su da wuri a nan. Tana ƙarama ka ce saliha ce, da dare take aikinta, kullum safe ka ƙirga ka tarda an ragu. Ɗiyan karfasa ma haka, suna girma su fara faɗa, su tone ƙasa, su tumɓuke ciyawa. Jan kifin nan na Sin da ake gani cikin kwalba shi ma a bar shi daban: yana girma ƙwarai, yana ɓata ruwa, kuma ya fi son sanyi. Akwai wani mai zanen damisa daga Sumatara, kyakkyawa ne, amma cizon ƙayar maƙwabta ne halinsa.

Abin da ake biɗa shi ne kowa da hawansa, kamar gero da wake a gona guda. Daniyo ko mai idon fitila a sama. Tetara ko rasbora a tsakiya. A ƙasa kuma a sa koridoras, wani ɗan kifi mai gashin baki kamar ƙaramin kurungu, na Amurka ta Kudu. Ba ya faɗa da kowa, yini yake yana shinshinar rairayi. Shi ma garke yake so, biyar ko shida. In kun ga ya taso da gudu ya haɗiyi iska ya koma ƙasa, ba ciwo ba ne, halittarsa ce, yana ɗaukar iska ta hanjinsa. A shimfiɗa masa rairayi mai laushi, don tsakuwa mai kaifi tana cinye gashin bakinsa.

Akwatin

A auna tsawo da faɗi da zurfi da santimita, a ninka su, a raba da 1000, abin da ya fito shi ne lita. Akwati mai tsawon 60, faɗin 30, zurfin 30, lita 54 ke nan. Wanga ya isa garke guda na goma da koridoras biyar, kada a ƙara. Mai son garke biyu ya biɗi na lita 100 ko fiye. Mai tsawo ya fi mai zurfi, don iska ta fuskar ruwa take shiga, su kuma a kwance suke gudu. Ƙaramin akwati ya fi babba wuyar kiwo, ko da yake mutane suna zaton akasin haka: ruwa kaɗan da sauri yake zafi, da sauri yake ɓaci.

Lita guda kilo guda ce. In aka haɗa da gilashi da rairayi, akwatin lita 54 ya kusa kilo 70. A ɗora shi bisa abu mai ƙarfi da ya daidaita, ba tebur mai rawa ba, kuma nesa da inda rana take faɗowa. A yi masa murfi, don daniyo yana tsalle, ƙura kuma ba ta raga wa kowa cikin hunturu.

Abin da ido ba ya gani

Nan ne gindin maganar. Kun san warin da yake tashi cikin garken awaki da aka daɗe ba a share ba, wanda yake sa ido hawaye. Sunan wannan abu amoniya. Kifi ma yana fitar da shi, ta kunnuwansa da yake numfashi da su da kuma ta kashinsa, sauran abincin da ya ruɓe shi ma yana ƙara shi. A tabki ruwa yana da yawa, ba ya taruwa. Cikin akwati kuwa ba shi da wurin zuwa. Kaɗan daga cikinsa ya isa ya ƙona kunnuwan kifi, alhali ruwan yana nan garau kamar na sha. Ruwa mai haske ba shi ne ruwa mai lafiya ba.

Masu kawar da shi wasu ƙananan halittu ne da ba a gani sai da madubin likita, irin waɗanda suke cikin ƙasar gona suna mai da taki abincin shuka. Kashi na farko suna mai da amoniya nitirit, wanda shi ma guba ne, yana hana jinin kifi ɗaukar iska. Kashi na biyu suna mai da nitirit nitirat, wanda ba ya cuta sai ya yi yawa ƙwarai, kuma abincin ciyawa ne. Waɗannan halittu ba yawo suke cikin ruwa ba, manne suke bisa rairayi da duwatsu, musamman cikin soson matatar ruwa. Sabon akwati ba shi da su. Kafin su yawaita sai an yi mako 4 zuwa 6.

Wanda ya cika akwati da safe ya zuba kifi goma sha biyar da marece, ya sa su cikin ɗakin da ba mai shara. Cikin mako na farko ko na biyu za su fara mutuwa. Ga yadda ake yi. A cika akwati, a dasa ciyawa, a kunna matata, a riƙa jefa ɗan abincin kifi kaɗan kowane kwana biyu ba tare da kifi ba, don halittun su sami abin ci. A yi haƙuri wata guda. In akwai wanda ka sani mai tsohon akwati lafiyayye, roƙi guntun sosonsa ka sa cikin naka, kamar yadda mata suke zuba tsohon nono cikin sabuwar madara don ta yi barci. Wannan yana rage jira ƙwarai. Daga nan a sa garke na farko, a dakata mako biyu, kana a ƙara na biyu. Ana sayar da ƴan takardun gwaji da ake tsomawa cikin ruwa su canza launi. Mai hali ya saya, sun fi zato.

Kuma kada a wanke soson nan da sabulu ko da ruwan pampo. In ya toshe, a matse shi cikin ruwan da aka ɗebo daga akwatin, a mai da shi. Wanda ya wanke shi fes don tsabta ya kashe ma'aikatansa, ya koma ranar farko.

Ko da komi yana tafiya daidai, nitirat yana taruwa. Kowane mako a zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da ƴar tiyo, ana bin ƙasa don a kwashe dauɗa, a mai da sabo. Ba a canza ruwa duka lokaci guda. Wanda aka zuƙe kada a zubar, a kai shi garka, tumatir da yakuwa suna son shi. A lura kuma: ƙara ruwa don cike wanda ya tashi ba canji ba ne. Ruwa ne kaɗai yake tashi, gishirin da ke ciki yana nan yana ƙara kauri, kamar yadda ake gani a bakin tabki da rani.

Wane ruwa?

Ruwan pampo na birni yana da maganin jabel da ake sa masa don kashe ƙwayoyin cuta. Ga mutum alheri ne, ga kifi guba. A tara shi cikin bokiti buɗe ya kwana ɗaya ko biyu, ko a ɗiga masa maganin da ake sayarwa don haka, wanda shi ya fi tabbas. Ruwan rijiya kuwa kowace da nata. Neyon da kardinal sun fito daga ruwa mai laushi, wanda ganyen daji ya rina kamar shayi. Rijiyar da ruwanta yake da ɗanɗanon kanwa, ko wadda sabulu ba ya kumfa da ruwanta, ba ta dace da su ba, kuma cikin ruwan kanwa dafin amoniya ya fi ƙarfi. Mai irin wannan rijiya ya tsaya ga daniyo, ko ya gauraya da ruwan sama da aka tara bayan rufin ɗaki ya wanku.

Babban gargaɗi ga gidan manomi: bidon ko bokitin da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari na gona kada ya kusanci akwati, ko an wanke shi sau goma. Maganin sauro na fesawa, da na ƙonawa, da wanda yake jikin gidan sauro, duk suna kashe kifi da ɗan abin da ba zai dami mutum ba. In za a fesa ɗaki, a kashe injin iska, a rufe akwatin da zane ruf. Wanda ya dawo daga feshi ko ya shafa mai, kada ya tsoma hannu. A ware wa kifi bokitinsu.

Zafin ƙasarmu

Littattafan Turai duk maganar ɗumama ruwa suke yi. Mu damuwarmu ta juye. Neyon yana son digiri 22 zuwa 26. Kardinal da rasbora suna ɗaukar 28. A watan Afirilu da Mayu, sa'ad da iska take wuce digiri 40, ruwan akwati cikin ɗakin kwano yana iya haura 32. Ga shi ruwa mai zafi ba ya riƙe iska: lita guda a digiri 20 tana ɗaukar wajen miligiram 9 na iskar numfashi, a digiri 30 kuwa 7 da rabi, alhali lokacin ne jikin kifi ya fi bukatarta. In kun ga kifaye sun taru a sama suna buɗe baki, iska ce ta ƙare.

Ra'ayinmu a fili yake: wanda ba shi da ɗaki mai sanyi kada ya sayi neyon, komi kyansa, bazara ɗaya za ta raba su. Ya fara da daniyo, ko da mai idon fitila da ya saba da ruwan yankinmu. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi ɗakin kwano. Dabarar randa tana aiki a nan ma: a ɗaga murfi a sa raga, a juya ƴar fanka bisa fuskar ruwa, a rataya jiƙaƙƙen buhu a bayan akwatin. Ana samun ragin digiri biyu ko uku. Kada a jefa ƙanƙara, don saukar zafi farat ɗaya ta fi zafin kansa illa. Cikin bazara a rage abinci, kada a ƙara kifi. Inda wuta take ɗaukewa, ɗan injin iska mai batir ko mai aiki da hasken rana ya fi kowane kayan ado amfani. In ba shi, a riƙa ɗibar ruwan da moɗa ana kwararo shi daga sama.

Da ɗari kuma, watan Disamba da Janairu, dare yana sanyaya ruwa. A lulluɓe akwatin da bargo. Bayan irin wannan sanyi ne aka fi ganin cutar fararen ɗigo, kamar an barbaɗa wa kifi gishiri, yana goga jikinsa ga duwatsu. Tana da magani a kantin kifi, kuma tana yaɗuwa da sauri. Sabon kifi ne yakan kawo ta, shi ya sa ake aje baƙo cikin wani mazubi daban mako biyu zuwa huɗu, kamar yadda makiyayi mai hankali ba ya sakin ragon kasuwa cikin garke ranar da ya sayo shi. Ranar sakinsa, a bar ledarsa tana yawo bisa ruwan minti 15 zuwa 20 don zafinsu ya daidaita.

Abinci da ciyawa

Yunwa ba ta cika kashe kifin akwati ba, ƙoshi ne yake kashe shi. Sau ɗaya ko biyu a yini, abin da za su cinye cikin minti biyu. A gidan da yara suke, kowa yana son ya ba su, don haka a ɗora wa mutum guda aikin. Tuwo da burodi da dusa ba abincinsu ba ne, ruɓewa suke yi. Ban da na gwangwani, suna son tsutsar sauro ƙwarai: in an ga ta cikin wani kasko ko tsohuwar taya, a tace ta a ɗauraye a ba su, a kifar da ruwan. Amma kada wani ya aje ruwa don ya tara ta, zazzaɓi zai tara wa gidansa.

Ciyawa mai rai tana shan nitirat, tana ba kifi inuwa da maɓoya, kuma kifin da ya san yana da maɓoya shi ne yake fitowa fili. Kainuwa ƴar kaɗan bisa ruwa tana yi, in ana rage ta kada ta rufe fuskar duka. Sai dai abin da aka ɗebo daga tabki yana zuwa da baƙi. Ɗiyan mazari suna cin ƙananan kifaye. Ƙananan katantanwa na tabkunanmu kuwa su ne suke ɗauke da tsargiya. A wanke ciyawar sarai, a cire duk katantanwa da ƙwansu, a aje ta cikin bokiti daban mako biyu ana dubawa. Mai son kamo ɗan kifin gida ya fara shawara da masunta da ma'aikatan ruwa da gandun daji na wurinsu, don su nuna masa wanda ba ya girma.

In ranar gajiya ta zo, ko tafiya ta kama, a ba wani mai akwati kifayen ko a mai da su kanti. Kada a juye su, su da ciyawarsu, cikin tabki ko kogi ko magudanar garka. Ciyawar nan mai shuɗin fure da ta addabi masunta da masu jirgi bisa kogin Isa daga Amurka ta Kudu ta fito, kuma don ado aka fara yawo da ita ƙasa ƙasa. Baƙon kifi ma in ya sami tabki yana iya kawo cutar da karfasa ba ta sani ba, ko ya cinye ƙwan na gida, kuma in ya shiga ba wanda ya isa ya fitar da shi.